Daga Sutudiyo Zuwa Kunnen Mai Sauraro: Yadda Za Ka Kare Sautin Waƙarka Daga Matsi

Wani yaro mawaƙi ya shigo sutudiyo da yamma, waya a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Oga, don Allah saurari abin nan. Wallahi ba haka muka bar ta ba." Na sa hedfon na kunna. Waƙar da muka kwana uku muna gyarawa ce, amma kalangun ya koma kamar ana dukan kwali, cakin da muka ajiye a ɓangaren dama yana wani shuuu kamar ruwa na bin kwata, kuma duk inda yaron ya furta "s" ko "ts" sai ka ji kamar bakinsa cike da yawu.

Muka zauna muka bi sawun fayil ɗin. Ni na ba shi MP3 don ya saurara a gida. Shi ya tura wa abokinsa, abokin ya ɗora hoto a kai ya mai da ita bidiyo, ya sa a sitatus. Wani ya sauke daga sitatus ɗin, ya sa ta a manhajar da ke ciro sauti daga bidiyo, ta ba shi sabon MP3 mai lamba 320, shi kuma ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa. Sau huɗu aka matse waƙar nan kafin ta kai kunnen mutane, kuma wannan kwafin ne ya zaga gari. Abin ya yi mini ciwo, domin na san yadda yaron ya tara kuɗin aikin.

Abu biyu ne ake kira matsi a harkar sauti, kuma mutane na haɗa su wuri guda. Akwai matse fayil don ya ƙanƙance, aikin da MP3 da AAC da Opus ke yi. Akwai kuma matse ƙarfin sauti, wato rage tazarar da ke tsakanin wurin da waƙa ta yi sanyi da wurin da ta yi ƙara, aikin kwamfireso da limita (mai hana sauti haura wani rufi) a sutudiyo. Kowanne yana da amfani, kowanne yana ɓarna idan aka wuce gona da iri, kuma ɓarnar na biyun tana ƙara munana ta farkon.

Fara sanin abin da MP3 ke zubarwa

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo da bit 16 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, dubunsa kuma kilobit), a ɓangaren hagu da na dama. Idan ka haɗa lissafin, kilobit 1,411 ke nan a sakan ɗaya. Waƙar minti biyar a wannan tsari, wato fayil ɗin WAV, takan kai megabait 53. Ita wannan waƙar a MP3 mai lamba 128 ba ta kai megabait 5 ba. Kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya kawai aka bari. To ina sauran goman suka tafi?

Masana a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun gina MP3 ne a kan raunin kunnen ɗan Adam. Tsarin ya fito a matsayin ma'aunin duniya a 1993, sunan .mp3 kuma aka raɗa masa a 1995. Dabarar ita ce, sauti mai ƙarfi yana rufe mara ƙarfi da ke kusa da shi. Tsaya a bakin injin niƙa yana aiki, ka yar da kwabo a ƙasa: kwabon ya yi ƙara, amma kunnenka bai ji ba. Ko an kashe injin ma, kunnen yakan ɗauki wani ɗan ƙyaftawar ido kafin ya dawo daidai. Manhajar da ke yin MP3 tana yanka waƙa gunduwa-gunduwa, a kowace gunduwa ta yi kirdadon abin da kunne ba zai ji ba, ta rage masa kulawa ko ta watsar da shi gaba ɗaya.

Kamar shiƙar hatsi ne. Iska daidai wa daida ƙaiƙayi kawai take kwashewa. Idan ta yi yawa, da tsabar take tafiya. Lambar nan da kake gani, 64, 128, 192, 320, ita ce yawan kilobit da aka bai wa kowane sakan, kuma duk sa'ad da ta yi ƙasa, iskar shiƙar ce ta ƙaru. A 128 yawanci ana datse duk abin da ya haura Hz 16,000 ko kusa da haka (Hz shi ne ma'aunin tsinin sauti, lamba na hawa sauti na ƙara siranta), alhali kunnen matashi mai lafiya yana iya kai wa 20,000. A 320 kusan komai ana bari.

Ba kowane sauti ne ke wahala iri ɗaya ba, kuma kayan kiɗanmu na cikin masu shan wahala. Bugun kalangu, ko kotso, ko tafi, abu ne da ke fashewa farat ɗaya daga shiru. Kuskuren da matsi ke haifarwa yana bazuwa a cikin gunduwar gaba ɗaya, har ya riga bugun kansa isowa, shi ya sa kaifin bugun ke dakushewa. Caki da sambani da duk wani abu mai kacau-kacau suna can sama inda ake fara yin tsimi, su ne ke komawa kamar ruwa. Sai kuma harafin "s" da "sh" da "ts", waɗanda Hausa ke cike da su.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan: abin da aka zubar ya zubu. Idan ka ɗauki MP3 mai 128 ka mai da shi 320, ko ma WAV, buhu kawai ka ƙara wa girma, hatsin yana nan yadda yake. In ma 320 ka mai da shi, ka sake shiƙe shi ne karo na biyu.

Mataki na ɗaya: ɗauka

Buɗe aikinka a FL Studio ko Cubase ko duk manhajar da kake amfani da ita, ka saita ɗauka a WAV, bit 24. Idan waƙar sauraro ce kawai, awo 44,100 a sakan ya isa. Idan ta fim ce ko za a yi mata bidiyo, sa 48,000 tun farko, domin shi ne ma'aunin bidiyo, ka huta da juye-juye daga baya.

Kada ka cika mitar da ke nuna ƙarfin sauti. A zamanin kaset ana tura sauti sama don ya fi ƙarfin huci na tef, kuma wannan ɗabi'a ta bi mutane da yawa har cikin kwamfuta. A bit 24 babu wannan buƙatar. Bar muryar mawaƙi tana kai wa tsakanin desibel -12 da -6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, a wannan mitar ana ƙirga shi ƙasa daga sifili) a inda ya fi ɗaga ta. Sifili a mitar kwamfuta rufin ɗaki ne na kankare, duk abin da ya taɓa shi an fille masa kai, kuma wannan tsagewar ba ta gyaruwa.

Wani abu da ake rainawa: kiɗan da za a hau. Sau da yawa mawaƙi yakan zo da kiɗa a waya, MP3 da wani ya tura masa, ya ce a ɗora murya a kai. Roƙi wanda ya yi kiɗan ya ba ka WAV, in da hali ma kowane kayan kiɗa daban. Idan ka hau kan MP3, rabin waƙarka ta riga ta sha matsi ɗaya tun ba a fara ba.

Mataki na biyu: miksin, wato haɗa murya da kiɗa

Kwamfireso ba abokin gaba ba ne. Mawaƙi yakan matso kusa da makirfo ya ja da baya, yakan yi ƙasa da murya a wata kalma ya ɗaga a wata, kuma kwamfireso ne ke daidaita wannan don kalmomi su fito. A murya, fara da awon dannewa 3:1 ko 4:1, ka sa ido a kan allurar da ke nuna yawan abin da yake ragewa. Desibel 3 zuwa 6 a wuraren da murya ta fi ƙarfi ya wadatar. Idan allurar ba ta taɓa komawa sifili ba daga farkon baiti zuwa ƙarshensa, ka shaƙe muryar.

A kan ganguna, lura da saurin kamawar kwamfireso. Idan ya kama nan take, kan bugun yake cinyewa, wato ainihin abin da ke sa kalangu ya zama kalangu. Jinkirta shi zuwa kashi 10 ko 30 cikin dubu na sakan, kan bugun ya wuce tukuna, sannan ya kama jelar.

Sai maganar ƙara wa murya haske. An saba a ɗaga sama-saman murya sosai don ta yi ƙyalli, musamman muryar mata a kiɗan fiyano. A hedfon na sutudiyo abin yana da daɗi. Amma wurin da ka ɗaga shi ne wurin da matsin fayil ya fi ɓatawa, kuma ƙananan sifikun waya su ma can suke da tsini. Sa abin rage kaifin "s" tsakanin Hz 5,000 da 8,000 kafin ka ƙara hasken, kuma ka ƙara rabin abin da ranka ya so.

Auto-Tune, abin da ke daidaita murya ta hau kan kiɗa daidai, wanda Andy Hildebrand ya ƙirƙira kamfanin Antares ya fitar a 1997, ya riga ya zama ɗanɗanon waƙar Hausa ta zamani, ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake roƙo shi ne a bambanta wurin da ake son salon da wurin da ake son gyara kawai. Idan ka sa saurinsa a sifili daga farko har ƙarshe, lanƙwasar murya da mawaƙi ya koya tun yana yaro, irin jan da ake yi a ƙarshen baiti, sai ta koma hawa-hawa kamar matakala. A waƙar bege ko ta ta'aziyya wannan asara ce babba.

Kafin ka rufe miksin, danna maɓallin mono ka saurara. Wayoyi da yawa da ƙananan sifikun Bluetooth suna haɗe hagu da dama wuri ɗaya, kuma kayan faɗaɗa sauti da aka cika wa hannu sukan sa amshi ko fiyano su ɓace ɓat idan aka haɗe. Bas da babbar ganga da muryar jagora su zauna a tsakiya.

Mataki na uku: mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙar gaba ɗaya, inda aka fi yin ɓarna

Kowa yana son waƙarsa ta fi ta maƙwabcinsa ƙara. Kunne yana da wannan raunin: idan aka kunna maka abu ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗan fi ƙara, za ka rantse ya fi daɗi. Saboda haka ake ta tura limita har hoton waƙar a kwamfuta ya koma kamar bulo, babu tudu babu kwari. Ba mu muka fara ba. A Amurka da Turai an shafe shekaru ana wannan gasar, har ta kai a 2008 masoyan ƙungiyar Metallica suka yi ta ƙorafi a kan kundinsu Death Magnetic, suna cewa kwafin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi na CD daɗin ji, domin shi ba a danne shi haka ba.

Yanzu lissafin ya sauya. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, yana daidaita ƙarar waƙoƙi a -14 LUFS, wato ma'aunin ƙara kamar yadda kunne ke jin ta. YouTube ma kusan nan yake. Idan ka danne waƙarka ta kai -7, za su rage ta da desibel 7. Ƙarar da ka saya da ran gangunanka an karɓe, gangunan kuma ba su dawo ba. Sai ta zauna kusa da waƙar da ba a danne ba ta zama siririya, mai gajiyar da kunne.

Sai dai gaskiya, yawancin masu sauraronmu ba a Spotify suke ba. A katin mimori suke ji, a cikin adaidaita sahu, a wurin biki, a shagon mai shayi, inda babu mai daidaita komai. A can waƙar da ta tsaya a -14 za ta yi sanyi a tsakiyar sauran. Ni a nawa ganin, ga kiɗan rawa, -10 zuwa -9 wuri ne mai kyau: tana da ƙara, ganga kuma na numfashi. Waƙar da murya da gurmi ko garaya ne kawai a ciki, bar ta ƙasa da haka. Sauke Youlean Loudness Meter, mai auna LUFS, akwai na kyauta, ka ɗora a ƙarshen layin mastarin ka kunna waƙar daga farko har ƙarshe, ka karanta lambar da ya tara.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne rufin limita. Sa shi a -1, kuma ka kunna awon ƙololuwa ta gaskiya idan limitarka na da shi. Dalili kuwa, idan aka mai da WAV zuwa MP3 ko AAC, siffar igiyar sautin takan ɗan sauya, ƙololuwarta ta ɗan haura inda take. Waƙar da ka bari a -0.1 za ta bugi rufi bayan matsi, ta riƙa tsatsagewa a wayar mutane alhali a sutudiyo lafiya lau take. Spotify da kansa -1 yake ba da shawara, ya ce ma a sauka zuwa -2 idan waƙar ta fi -14 ƙara. A nan ne matsin nan biyu ke haɗuwa: waƙar da aka cika wa limita ta cushe ko'ina, manhajar MP3 ba ta samun sararin yin tsimi ba tare da an ji ba.

Mataki na huɗu: fitarwa

Fitar da uwa guda ɗaya, wato fayil na asali, WAV mai bit 24. Daga ita kowane kwafi zai fito, kai tsaye, ba daga ɗan'uwansa ba. Idan ana buƙatar bit 16, kunna dita, wato ɗan siririn hucin da ake ƙarawa don rage bit bai ɓata sauti ba, a wannan fitarwar kaɗai, sau ɗaya.

Ga Audiomack, Boomplay, Spotify, Apple Music ko kamfanin da ke raba maka waƙa, ba su WAV ko FLAC duk inda suka karɓa, domin su ma za su yi nasu matsin, gara su yi shi a kan uwar. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman fayil zuwa kusan rabi ko sama da haka kaɗan ba tare da ya zubar da komai ba, kamar ninke tufafi a akwati. Ga mai haɗa bidiyo, ba shi WAV mai 48,000, ka kuma tsaya a kansa ya tabbatar bai ɗora MP3 ɗin da ya samu a waya ba.

Ga masu tura waƙa da 'yan DJ da gidajen rediyo, yi MP3 mai 320 da kanka. Megabait 12 ne a waƙar minti biyar. Idan data ce matsalar, 192 ma yana da mutunci. Ka riga kowa sakin kwafi mai kyau, da sunan waƙa da na mawaƙi a jikinsa, domin kwafin da ya fara shiga kasuwa shi ke haihuwar sauran.

Mataki na biyar: turawa

Akwai wani zance da ke yawo cewa Bluetooth ko Xender suna rage ingancin waƙa idan aka tura. Ba haka ba ne. Tura fayil daga waya zuwa waya, ko kwafe shi a mimori, ba ya taɓa ko bit ɗaya, ko sau dubu aka yi. Kaset ne ke lalacewa da kwafi. Abin da ke ɓata fayil shi ne a buɗe shi a sake matsewa: mai da shi bidiyo, sa shi a sitatus, ɗora shi a TikTok ko Facebook a sake saukewa, ciro shi daga YouTube, ko yanke shi a manhajar waya a sake ajiyewa. Kunna waƙa ta sifikar Bluetooth kuwa wani abu ne daban: a nan wayar tana sake matse sautin a kan hanyarsa ta zuwa sifikar, yawanci da tsarin SBC, amma fayil ɗin da ke cikin wayar bai canja ba.

A WhatsApp, tura waƙa a matsayin dokumen, za ta isa yadda ka tura ta. Kada ka taɓa kara waya a bakin sifika ka ɗauki saƙon murya ka ce ka tura waƙa. Saƙon murya da Opus ake matse shi, tsari ne mai kyau ƙwarai da ya fito a 2012, amma a can an saita shi ne don magana, a ƙaramin awo.

Kuma kada ka ba mawaƙi waƙar da ba a gama ba ba tare da ka ja masa kunne ba. Yanzu ni nakan ce, "Ƙanena, wannan ta kunnenka ce kai kaɗai. Ranar saki zan ba ka wadda za ka raba."

Gwada da kunnenka da idonka

Sauke Spek a kwamfuta, kyauta ne, ka jefa masa kowane fayil. Zai zana maka hoton sautin daga ƙasa zuwa sama. Idan fayil ya ce shi 320 ne amma ka ga an yanke hoton ƙat a wajen 16,000 kamar da reza, daga ƙaramin MP3 aka kumbura shi. Da haka muka gane abin da ya sami waƙar yaron nan.

In kana son ka ji abin da aka zubar da kunnenka, buɗe WAV da MP3 ɗinsa tare a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka ja ɗaya har bugun farko ya hau kan ɗan'uwansa daidai, domin MP3 yakan ƙara ɗan jinkiri a farko. Zaɓi ɗaya ka yi masa Invert, wato ka kifar da igiyar sautinsa, ka kunna su tare. Abin da suka yi tarayya a kai zai soke juna, ragowar da kake ji ita ce bambancin. Yi da 128, ka sake yi da 320, za ka ji tazarar da kanka.

Sannan ka sa wani ya kunna maka WAV da MP3 mai 320 a ƙara ɗaya, ba tare da ya faɗa maka wanne ne wanne ba, sau goma. Yawancin mutane ba sa iya bambancewa, har da masu aikin sauti. Wannan labari ne mai daɗi: matsi ɗaya mai kyau daga uwa mai tsabta ba ya cutar da waƙa. Na biyu da na uku da na huɗu ne ke kashe ta.

Tsofaffin kaset

Wannan ya fi komai damuna. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos da sauran manya, da yawa daga abin da ke yawo a wayoyi an juyo su ne daga kaset zuwa ƙaramin MP3, aka yi ta sake matse su shekara da shekaru. Hucin kaset yana wahalar da manhajar matsi, domin ba ta san shi da kiɗa ba, sai ta raba musu ɗan abin da take da shi. Idan kana da kaset na asali a gida, na waƙa ko na karatu ko na wa'azi, goge kan da ke karanta kaset a cikin rediyon da auduga da ɗan sifirit, ka haɗa kebul daga mafitar sautinsa zuwa kwamfuta, ka ɗauka a WAV. Ajiye wannan ɗanyen kwafin kada ka taɓa shi. A kan kwafinsa za ka yi gyara, kuma wajen cire huci ka yi da sauƙin hannu, desibel 6 ko ƙasa da haka, domin idan ka matsa sai muryar ta koma kamar daga cikin rijiya, amon kalangun ya tafi tare da hucin.

Uwar kowace waƙa, sabuwa ko tsohuwa, ajiye ta wuri biyu: a kwamfuta, da kuma wani faifan ajiya da ba ya kwana a sutudiyo. Rubuta sunan waƙa da shekara da kalmar "uwa" a sunan fayil ɗin. Ta yaron nan tana nan, shi ya sa muka iya fitar da sabon 320 daga gare ta a daren, washegari ya bi masu tura waƙa shago-shago yana roƙonsu su goge tsohon su sa wannan. Wasu sun sauya. Har yanzu nakan ji tsohon kwafin a cikin adaidaita sahu, da cakin nake gane shi.